Dajin Rugu

Dajin Rugu daji ne mai faɗi a yammacin Jihar Katsina. Ya ratsa ƙananan hukumomin Jibiya, Batsari, Safana da Ɗanmusa, ya haɗe da dazuzzukan Zamfara. Itatuwansa na asali sun haɗa da marke, ƙirya, taura, tsamiya da kuka.

Yaƙi na da hannu a kaurinsa. Bayan jihadi ya ci birnin Katsina a 1807, gidan tsohuwar sarauta ya koma Maraɗi, aka yi shekaru Katsina da Maraɗi na kai wa juna hari. Ƙauyukan yamma suka watse, kurmi ya cinye gonaki da kufai. Da ƙura ta lafa a zamanin Turawa, manoma suka dawo da gatari, daga baya hukuma ta keɓe wani sashe a matsayin gandun daji da wurin kiwo.

Farin shekarun 1970 da na 1980 ya kashe itatuwa da yawa, amma ɓarnar hannun mutum ta fi ciwo. Ƙirya ta yi ƙaranci, domin da ita ake sassaƙa turmi, maƙera kuma sun fi son gawayinta. Inda aka sare manyan itatuwa, sabara da geza ke maye gurbi. Buƙatar itacen girki a unguwannin birnin Katsina irin su Ƙofar Guga ta ƙara wa dajin nauyi.

Tun shekarun 2010 dajin ya zama maɓoyar 'yan bindiga, abin da ya gurgunta aikin malaman daji a cikinsa.