"Sharrin Shaiɗan Ne": Me Littattafan Kirista Na Hausa Suka Ce?



A nan Azare, duk wanda dubunsa ta cika, ko a kasuwa ko a gaban alƙali, amsarsa ba ta wuce "sharrin Shaiɗan ne". Musulmi yana faɗa, maƙwabcinsa Kirista ma yana faɗa. Wannan ya sa muka waiwayi tarihi, mu ga yadda kalmar ta shiga littattafan Kirista na Hausa, da abin da suke nufi da ita.

Aikin ya faro ne daga wani Bajamushe ɗan mishan, James Schön, wanda ya fitar da Linjilar Matiyu da Hausa a 1857. Wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, da matafiyi Barth ya tafi da shi Ingila, ya taimaka masa da harshen. Daga baya Dakta Walter Miller, wanda ya zauna a Zariya tun 1905, ya ja ragamar fassarar, har cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932.

Masu fassarar ba su ƙirƙiro sababbin sunaye ba. Sun tarar Musulunci ya riga ya ba Hausa Shaiɗan da Iblis da aljani, sai suka ɗauke su. Amma ma'anar ta ɗan saɓa. A wurin Musulmi, aljanu halitta ce daban, cikinsu akwai muminai, kamar yadda Suratul Jinni ta nuna. A koyarwar Kirista kuwa, aljanun da Linjila ke ambata mala'iku ne da suka yi tawaye, babu na kirki a cikinsu.

To shin za su iya tilasta wa mutum yin saɓo? Littattafan sun ce a'a. Babi na 4 na Matiyu ya kawo labarin yadda Iblis ya jarabci Yesu, wato Annabi Isa (AS) a wurin Musulmi, bayan azumin kwana 40 a jeji. Sau uku yana yi masa tayi, sau uku ana ƙi. Wasiƙar Yakubu kuma ta ɗora laifin a kan sha'awar mutum, ta ce ita ke jan sa. Shi ma Agustin, malamin coci ɗan yankin da yau ake kira Aljeriya, wanda ya rayu daga 354 zuwa 430, ya rubuta littafi a kan 'yancin zaɓi, inda ya nuna tushen mugunta shi ne nufin mutum da ya juya wa alheri baya.

Wanda ya san Suratu Ibrahim, aya ta 22, ba zai ji wannan baƙo ba: ranar hisabi Shaiɗan zai barranta daga mabiyansa, don kira kawai ya yi, su suka amsa.

Ke nan a wannan gaɓar masallaci da coci ba su bar wa mai laifi mafaka ba. Wanda ya cinye kuɗin adashi, ko ya tauye mudu ranar kasuwa, ko ya sayar wa 'ya'yanmu ƙwaya, kada ya laɓe bayan Shaiɗan. Mu ma, a gidajenmu da zaman sulhunmu na ƙasar Katagum, mu daina karɓar wannan uzuri kafin mai laifi ya amsa laifinsa ya mayar da haƙƙi.

Allah Ya tsare mu da son zuciya.

Sakataren ƙungiya