HASUMIYAR JAMESTOWN DA GORON DA MUKE CI



Waɗanda muka yi aji ɗaya za su tuna ranar da malamin labarin ƙasa ya zana mana hasumiyar fitilar teku a allo, muka yi ta dariya. Mu da iyakar ruwanmu gulbin Rima da dam ɗin Goronyo, ina ruwanmu da jirgin ruwa? Sai da aikin gwamnati ya kai ni Accra ta ƙasar Gana, wadda fatakenmu ke kira Ankara, na gane wautarmu.

A unguwar Jamestown, daf da tsohuwar ganuwar James Fort, hasumiyar take. Turawan Ingila suka fara gina ta a 1871, shekara shida kafin su mayar da hedkwatar mulkinsu Accra a 1877. Wadda ke tsaye yanzu an gina ta ne a shekarun 1930, a madadin ta farkon. Tsayinta mita 28 ne, an yi mata fenti ja da fari, ana hawa ta wani matattakala mai murɗewa. Haskenta na kai kimanin kilomita 30 cikin teku. Kowace irin wannan fitila da salon walƙiyarta, ta haka matuƙin jirgi ke sanin garin da ya dosa cikin dare.

A wancan zamani Accra ba ta da tashar da babban jirgi zai tsaya. Can nesa yake sakin anga, kwale-kwale su yi ta jigilar kaya cikin igiyar ruwa, har aka buɗe tashar Tema a 1962.

To, ina haɗinmu da ita? Goro. Da can fatake kan yi watanni da jakuna a hanyar Gwanja. Bayan Turawa sun ci Asante da yaƙi a 1874, kasuwar Salaga ta fara ja baya, huhunan goro suka koma bin teku zuwa Ikko. Alhassan Ɗantata na cikin waɗanda suka yi wannan fatauci. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai hanya ta haɗe.

Ke nan wani daga cikin goron da kakanninmu suka raba a ɗaurin aure da suna a Wurno da Rabah, ƙarƙashin hasken hasumiyar farko ya wuce.

Malam, a gafarce mu, ashe kai ke da gaskiya. Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu.