Bindiga Mai Lamba, Nama Marar Suna: Yadda Farauta Ta Faɗa Hannun Kwastan

A damanar shekarar 1890 an sa hannu kan takardu biyu a Turai, wata ɗaya da kwana uku tsakaninsu. Ta farko a birnin Burasel na Beljiyam, ranar 2 ga Yuli, inda ƙasashe 17 suka amince da wata doguwar yarjejeniya da aka ce an yi ta ne don kashe cinikin bayi. Ta biyu a Landan, ranar 5 ga Agusta, inda Ingila da Faransa suka ja layi a kan taswira daga Say a bakin Kwara zuwa Baruwa a gaɓar tafkin Cadi, kowacce ta ɗauki ɓangare guda. Sarkin Musulmi Umaru ɗan Ali yana kan gado a lokacin, kuma babu wanda ya shawarce shi. Takarda ta biyu ita ce ta haifi iyakar da ta zama ta Nijeriya da Nijar. Ta farko kuwa ita ta fayyace irin bindigar da za a bar wa mutanen da ke zaune a kowane gefen layin. Duk wata tambaya da jami'in kwastan ke yi wa mafarauci a yau, tushenta yana cikin wannan damanar.

Kafin nan ma daji ba sake yake ba. Maharbi ya san dajin da yake na garinsu da wanda sai ya nemi izini, akwai Sarkin Baka, kuma a wurare da yawa al'ada ta ware wa mai ƙasa kasonsa daga babbar dabba. Fatake suna biyan kuɗin fito da na hanya. Amma waɗannan duka hakkoki ne da ake sauke wa mutum sananne, da baki da hannu. Abin da Burasel ta kawo sabo shi ne sito da hatimi da rajista.

Sassa na 8 zuwa na 14 na yarjejeniyar sun shata yanki daga digiri 20 arewa da tsakiyar duniya zuwa digiri 22 kudu, daga teku zuwa teku. Layin arewa ya ratsa Sahara can sama da Agadas, don haka ƙasar Hausa da Borno gaba ɗaya suna ciki. Duk bindigar da ta sauka a wannan yanki sai an kai ta siton gwamnati. Daga nan aka raba bindigogi gida biyu. Ta zamani, wadda ake ɗura wa harsashi ta gindi kuma cikin bututunta yake da tsagin da ke miƙar da harbi, ba ta fita daga sito don sayarwa. Sai dai a ba wa mutumin da hukuma ta yarda ba zai miƙa ta ga wani ba, ko matafiyin da ya zo da takardar gwamnatinsa mai shaida cewa don kare kansa ya riƙo ta. Irin wannan bindiga ana buga mata hatimi, a shigar da ita rajista, a ba mai ita lasisin shekara biyar. Wadda aka yarda a sayar wa jama'a ita ce tsohuwar mai ƙanƙara, da ake ɗura wa albarushi ta baki, tare da albarushi na gama-gari, shi ma a yankunan da aka ce cinikin bayi bai shafa ba.

Babu inda takardar ta ce Bature ko baƙar fata. Ba ta buƙatar faɗa. Matafiyin da ke da gwamnatin da za ta rubuta masa shaida a 1890 sananne ne, haka wanda ba shi da ita. Shekara 13 bayan haka, sojojin Lugga suka tsaya a bakin ganuwar Kano da bindigogin Maxim da igwa, suna fuskantar dawaki da masu da kibau da 'yan bindigogi ƙalilan. Yaƙi da cinikin bayi dalili ne na gaskiya a bakin wasu daga cikin mahalarta taron, amma wanda ya ci ribar rabon bindigogin shi ne mai shirin cin ƙasa.

Dabbobin kansu sai bayan shekara goma aka waiwaye su, kuma annoba ce ta tilasta. Cutar bushiya ta shigo ta tashar Massawa a 1887 cikin shanun da Italiyawa suka kawo, ta ratsa nahiyar, ta iso ƙasar Hausa a farkon shekarun 1890 ta share garken Fulani, ta kuma kashe ɓauna da sauran manyan dabbobin dawa masu kofato. Ga cinikin hauren giwa yana cin giwaye. Turawan da suka saba ganin dabbobi sun cika fili sai suka ga daji ya yi shiru. Ranar 19 ga Mayun 1900, ƙasashe bakwai, wato Ingila da Jamus da Faransa da Italiya da Fotugal da Sifaniya da Kwangon Sarki Leopold, suka sa hannu a Landan kan yarjejeniyar kiyaye dabbobi da tsuntsaye da kifayen Afirka. Iyakarta ta arewa ita ce dai wancan layi na digiri 20.

Jerin sunayen da ke cikinta abin karantawa ne. An hana taɓa ungulu da mujiya da carki saboda amfaninsu, an hana taɓa raƙumin dawa saboda ƙarancinsa. Zaki da damisa da kura da kada da mesa kuwa an sa su a layin masu ɓarna da ya kamata a rage yawansu. An ce a ƙwace duk hauren da bai kai kilo 5 ba, domin a daina kashe 'ya'yan giwa, a kuma ɗora haraji kan fatu da ƙahonin da ake fitarwa. Sannan aka taƙaita amfani da raga da ramin tarko. Wannan sharaɗi na ƙarshe ya fi kowanne nauyi a kan mutumin ƙauye: an riga an hana shi bindiga mai kyau a Burasel, yanzu kuma an ce dabarun kakanninsa zalunci ne ga dabba. Yarjejeniyar ba ta taɓa fara aiki a hukumance ba, domin ba duka ƙasashen suka tabbatar da ita ba, amma gwamnonin mulkin mallaka sun kwafe ta cikin dokokinsu. Ta Nijeriya ta fito a 1916.

Kwana shida kacal bayan taron Landan, ranar 25 ga Mayu, shugaban Amurka William McKinley ya sa hannu kan dokar da ke ɗauke da sunan ɗan majalisa John Lacey na jihar Iowa. A can matsalar nama ce tsagwaronta. 'Yan kasuwa suna kashe tsuntsaye da barewa a jiha ɗaya ba bisa ƙa'ida ba, su loda a jirgin ƙasa, su sayar a wata jihar da dokar farko ba ta kai. Wata irin kurciyar daji da a dā garkenta ke rufe rana ta riga ta kama hanyar ƙarewa. Ta ƙarshe ta mutu a gidan namun daji na Cincinnati a 1914. Dokar Lacey ta ce laifin yana bin naman duk inda ya je: abin da aka kashe ta haramtacciyar hanya a can, haramtacce ne a nan. A 1935 aka faɗaɗa ta ta haɗa da dokokin ƙasashen waje. Wannan tunani, cewa nama yana tafiya da tarihinsa, shi ne daga baya ya mamaye duniya.

Wanda yake son ganin yadda tsarin ya yi aiki ga mai takarda, sai ya dubi tafiyar Theodore Roosevelt. Kimanin wata guda da rabi bayan saukarsa daga shugabancin Amurka, ya isa Mombasa a Afrilun 1909 da ɗansa Kermit da akwatunan bindigogi. Ya ratsa ƙasar da ake kira Kenya a yau, ya shiga Yuganda, ya tsallaka yankin Lado da ke hannun Beljiyam don harbin farar karkanda, ya ɓulla Hartum a Maris na 1910. Iyakoki uku, kuma kowacce ta buɗe masa da maraba. Shi da ɗansa sun kashe manyan dabbobi 512, ayarin kuma ya aika wa cibiyar Smithsonian samfura fiye da 11,000. Naman ya ƙare a cikin 'yan dako da mutanen ƙauyukan hanya. Abin da ya haye teku shi ne fata da ƙashi da ƙaho, an zuba musu gishiri, an lasafta, an rubuta.

A daidai waɗannan shekaru, tsakanin 1906 da 1908, ayarin Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila ya bi ƙasa yana kafa alamomi 148 daga Kwara zuwa Cadi. Maharbin Katsina da ya bi sawun gwanki zuwa dajin Maraɗi, kamar yadda ubansa ya yi, yanzu ya shigar da makami wata ƙasa, kuma in ya komo da banda a kafaɗa ya yi fasa-ƙwauri. Gaskiya ne cewa a aikace alamomin sun yi nisa da juna, masu gadi kuma 'yan kaɗan ne. Dokar tana nan dai a ajiye, ana ɗauko ta ranar da aka ga dama.

Yarjejeniyar Landan ta biyu, ta 1933, ta wajabta takardar shaida kafin a fitar da haure ko ƙaho ko fata. Daga ita aka gangaro zuwa CITES, wadda aka sa wa hannu a Washinton ranar 3 ga Maris 1973 ta fara aiki a 1975, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashe goma na farko da suka tabbatar da ita. CITES ta shafi dabbar da ke cikin jerinta, da rai ko a mace, da duk wani sashe nata da za a iya ganewa cikin sauƙi. Nan nama ya ba da wahala. Haure ana auna shi a buga masa lamba, fatar damisa kowa ya gan ta ya sani. Amma tsokar da ta kwana uku a kan hayaƙi ta yi baƙi ta ƙanƙance, babu jami'in da zai rantse ko ta gada ce ko ta biri ko ta akuya.

Abin da ya rufe wa nama ƙofa daga ƙarshe tsoron cuta ne. A 2001 cutar baki da kofato ta ɓarke a Birtaniya, aka hallaka dabbobi fiye da miliyan 6, kuma an fi zargin gurɓataccen naman da ya shigo daga waje ya ƙare a abincin aladu. Tarayyar Turai ta hana matafiya daga mafi yawan ƙasashen duniya shigo da nama a kayansu, kowane iri ne. Shi ya sa kilishin da aka yi da lafiyayyen sa a Kano ko Madawa yake ƙarewa a kwandon kwastan tare da naman biri: ba a tsayawa bambancewa. A 2003 kuma wasu ƙananan dabbobi kusan 800 da aka aika daga Gana zuwa Amurka, cikinsu har da gafiya, suka kai ƙyandar biri, mutum 47 suka kamu a jihohi shida, Amurka ta haramta shigo da dangin ɓeran Afirka, masu rai da matattu. Duk da haka naman bai daina tafiya ba. Wani bincike da aka yi a filin jirgin Charles de Gaulle na Faris a 2008 ya ƙiyasta cewa kusan tan 5 na naman daji ke shiga ta nan kowane mako cikin jakunkunan fasinja, akasari daga Afirka ta Tsakiya da Kamaru da Kwango. An sami kada da beguwa da biri da ɗan kunya, kuma sai da aka koma ga ƙasusuwa kafin a gane wasu.

Sakamakon ya zo a juye. Ba'amurken da zai je farauta Kanada yana cike takarda guda a bakin iyaka, ya biya dalar Kanada 25, ya sami izinin riƙe bindigarsa na kwana 60, kuma yana iya komawa gida da naman da ya harba muddin yana da lasisin farautar, saboda hukumomin lafiyar dabbobi na ƙasashen biyu sun yarda da juna. In Afirka ya zo, bindigarsa za ta shiga da izinin wucin gadi ta fita lafiya, ƙaho da fata su biyo shi daga baya da takardunsu, naman kuwa dole ya bar shi, kamar yadda Roosevelt ya bari. Makamin da aka fi tsoro a 1890 shi ne yanzu ya fi sauƙin tsallake iyaka bisa doka, domin yana da lamba a jikinsa.

Rabon Burasel bai mutu ba a dokar Nijeriya. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi uku: na yaƙi, da lasisinsu ke hannun shugaban ƙasa, na kai, irin su bindigar harbin tsuntsu, a hannun Sufeto Janar, sai masu ɗuri ta baki, a hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Wannan rukuni na uku shi ne jikan waccan mai ƙanƙara da aka bar wa jama'a, kuma ita ce har gobe a kafaɗar mafi yawan maharban karkara. Lasisinta ba ya aiki a Ƙonni ko Maraɗi. Yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai, da aka sa wa hannu a Abuja a watan Yunin 2006, ta tanadi takardar baƙo ga wanda yake son shiga wata ƙasar ƙungiyar da bindiga na ɗan lokaci, sai dai dole ya nema tun kafin tafiya, ya faɗi dalilinsa da irin bindigar da alamar da ke jikinta. Bindigar toka kuwa maƙerin gari ne yake ƙera ta daga bututun ƙarfe da guntun itace, kuma ba kasafai yake buga mata lamba ba.