Waƙafin da ke cikin O'Brien

Sunan O'Brien ya samo asali daga Brian Boru, babban sarkin Ayalan da aka kashe a yaƙin Clontarf a 1014. A harshen ƙasar, Ó na nufin jika, wato Ó Briain jikan Brian ke nan. Da mulkin Ingila ya kafu, magatakarda suka mayar da karan da ke kan Ó ɗan waƙafi a gefe, iyalai da dama kuma suka yar da O ɗin don neman shiga. Bayan kafa ƙungiyar Gaelic League a 1893, da yawa suka dawo da shi. Yau mu masu rubuta manhajar kwamfuta ne ke sake guntule sunan, domin manhajarmu kan ƙi waƙafin. Gadon shekara dubu ne, gyaran kuma yana hannunmu.