Tarihin Ƙananan Dawaki da Gasar Saki a Amurka

Ƙananan dawakin da ake baje kolinsu a yau sun samo asali ne daga tushe fiye da ɗaya, kuma mafi nauyi a cikin tarihin nasu shi ne aikin haƙar kwal. Bayan da majalisar dokokin Birtaniya ta hana mata da yara 'yan ƙasa da shekara goma aiki a ƙarƙashin ƙasa a 1842, masu ramukan kwal sun ƙara dogara ga gajerun dawaki, musamman na tsibiran Shetland, saboda su ne ke iya jan kaya a cikin ƙuntatattun hanyoyin rami. A Ajantina kuwa, iyalin Falabella sun shafe zuriya bayan zuriya suna zaɓen mafi ƙanƙanta don haihuwa, har irin ya ɗauki sunansu.

Da injuna suka karɓe aikin rami, sai darajar waɗannan dabbobi ta koma ga kyan sura. A 1978 aka kafa Ƙungiyar Ƙananan Dawaki ta Amurka a jihar Texas, wadda ba ta yi wa doki rajista idan tsayinsa ya wuce inci 34, ana aunawa daga ƙasa zuwa gashin ƙarshe na geza. Tun da babban mutum ba ya iya hawan irin wannan doki, dole gasa ta ta'allaƙa ga jan keke, tsallake shinge a hannun mai ja, da kuma gasar saki, wato sakin doki a fili ba ragama ba linzami, al'adar da aka gada daga gidajen wasan dawaki masu da'ira irin wanda Philip Astley ya fara a Landan a 1768.

A gasar saki ana cire ragama da zarar kiɗa ya tashi, dokin ya yi minti ɗaya da rabi yana sassarfa da sukuwa, alƙalai na duban kuzarinsa da taƙamarsa da yadda yake cin faɗin fili. Mai horo yana iya kaɗa bulala ko girgiza gora mai tsakuwa, amma bai isa ya taɓa dokin da su ba. Idan kiɗa ya tsaya, yana da minti biyu ya kama dokin ya mayar masa da ragama, kuma a nan ne ake gane horo na gaskiya, domin zaburar da doki abu ne mai sauƙi, alhali dokin da aka tsorata da bulala ba ya yarda ya dawo hannun wanda ya tsorata shi. Shi ya sa gwanayen masu horo ke fara koya wa dokin amsa kira a ƙaramin shinge, su saba masa da kiɗa da hayaniyar jama'a, kafin su nemi ya yi gudu a babban fili.