Tarihin Amsa-Kuwwa a Ɗaukar Waƙa: Daga Dandalin Funtuwa Zuwa Manhajar Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa yin magana a cikin babban soro mai ɗakin guga ya san muryarsa ba ta mutuwa nan take. Takan bugi bango ta komo, ta sake bugawa, har ta dushe sannu a hankali. Wannan jelar sauti ita ce amsa-kuwwa. Wallace Sabine na Jami'ar Harvard a Amurka shi ya fara auna ta da lissafi, aka kuwa bi shawararsa wajen gina babban zauren kiɗa na Boston da aka buɗe a 1900. A yau matasa masu sitidiyo suna da manhajoji waɗanda a ke cewa suna kwaikwayon tsofaffin na'urorin amsa-kuwwa. Abin bincike shi ne, yaya gaskiyar wannan kwaikwayo ta ke, kuma wane tasiri ya ke da shi ga waƙar Hausa?

Tun farko masu ɗaukar faifai ɗaki suka riƙa keɓewa, mai bango sumul. A sa lasifika a gefe guda, a sa makirufo a wani gefen, a tura murya ciki, a kwaso abin da ya komo. Bill Putnam ya yi haka da makewayi a Chicago a 1947, gidan Capitol kuma ya haƙa irin waɗannan ɗakuna a ƙarƙashin ƙasa a 1956. Da ya ke ba kowa ke da halin gina ɗaki ba, sai kamfanin EMT na Jamus ya fito da EMT 140 a 1957. Wannan faranti ne na ƙarfe, tsawonsa kimanin mita 2, faɗinsa mita 1, an rataye shi cikin akwatin da nauyinsa ya kai wajen kilo 270. Sauti ya girgiza farantin, a ɗauko girgizar. A 1962 Manfred Schroeder ya nuna yadda za a sami amsa-kuwwa da lissafi kawai, sa'an nan EMT 250 ta fito a 1976, Lexicon 224 ta biyo baya a 1978. Watau farantin ƙarfe kwaikwayon ɗaki ne, ɗakin kuwa kwaikwayon zaure ne. Manhajar yau ita ce jikanya a wannan zuriya.

To, a zamanin da a ke wannan a Turai da Amurka, ƙasar Funtuwa da Malumfashi tana cikin ganiyar auduga. Akwai injin gurzar auduga a garuruwan biyu, jirgin ƙasa kuma ya ratsa Funtuwa daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda. Inda kuɗin kaka ya taru, nan makaɗa su ke taruwa. Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa, ya zauna Bakori kafin ya kafa gida a Funtuwa. Wuraren da ya saba wasa su ne dandali, da bakin kasuwa, da ƙofar fada, da gidan biki. Fili ba shi da rufi, ba shi da bangon da zai komo da sauti, saboda haka kalangu yakan fita tsaf, kowane bugu ya mutu kafin na biye ya iso. Abin da ke cika gurbin da mawaƙi ya bari su ne 'yan amshi. Da aka shigar da wannan kiɗa ɗakin ɗauka, a gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962 da kuma wajen kamfanonin faifai irin su EMI, sai ya ɗauki kamannin ɗakin da na na'urar. Daga baya kaset ya zo, a kwafi wannan daga wancan a kasuwa irin ta Ƙofar Wambai a Kano, sautin na ƙara dishewa, kamar yadda Brian Larkin ya bayyana a littafinsa na 2008. Yawancin abin da matashi ke ji a yau ya ce amon da ne, rabinsa na Shata ne, rabinsa na kaset.

Masu ƙera manhaja hanya biyu su ke bi. Ta farko ita ce ɗaukar hoton amo. A tura sauti guda cikin tsohuwar na'ura, a naɗi jelar da ta fito, sa'an nan kwamfuta ta ɗora wannan jela a kan kowace murya. Sony ta fito da na'ura mai yin haka a 1999, manhajar Altiverb ta bi sawu a 2001. Wannan hanya tana kama tsawon jela da kaurinta ƙwarai, har yakan yi wa kunne wuya ya rarrabe idan an gauraya ta da sauran kiɗa. Amma hoto ba ya motsi. Lexicon 224 tana jujjuya jelarta a kowane lokaci, kuma tsohuwar na'ura takan shaƙe idan an matsa mata da ƙarfin sauti. Hoto ɗaya ba ya iya nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Hanya ta biyu ita ce a sake gina na'urar da lissafi. Ga na'urar da asalinta lissafi ce, wannan yakan kai kusa da ainihi, musamman idan an sami dokokin lissafin na asali, aka kuma kwaikwayi gazawarta, don Lexicon 224 ba ta fitar da sautin da ya wuce kaɗawa wajen 8,000 a daƙiƙa. Farantin ƙarfe ya fi wuya. Ɗaurinsa yakan saki, zafi da tsufa su sāke shi, har ya zamana ba faranti biyu masu amo ɗaya. Mai manhaja dole ya zaɓi ɗaya ko biyu ya auna. Ke nan abin da ya kwaikwaya wani faranti ne a wata rana, kamar mai koyon kalangu da ya haddace wasan dare ɗaya na ubangidansa.

Kwaikwayon ya shigo ƙasar Hausa ta Kano. A shekarun 1990 ɗakunan kiɗa irin na Iyan-Tama suka fara amfani da fiyanon Yamaha, fim ɗin Sangaya kuma ya yaɗa kiɗan da ke kama da kalangu da sarewa alhali daga fiyano ya fito. Abdalla Uba Adamu ya yi nazarin wannan sauyi. Bayan haka kwamfuta ta karɓe aikin, amsa-kuwwa ta zama abin da a ke ƙarawa da taɓa maɓalli guda.

Nan ne hatsarin ya ke. Hausa harshe ne mai karin sauti, kalangu kuwa magana ya ke yi. Makaɗi yana matsa tsarkiya da hammata, sauti ya hau ko ya sauka, mai ji ya gane kirari. Idan jelar bugun farko ta hau kan na biyu, karin ya cuɗe, maganar ta ɓace. Shata ya rasu a 1999, aka binne shi a Daura, ba sauran damar a sake ɗaukarsa. Duk wanda ya kwashe tsohon kaset zuwa kwamfuta, ya goge ƙararsa, ya zuba masa amsa-kuwwar farantin Jamus don ya yi daɗin ji, ya sanya Shata a ɗakin da bai taɓa shiga ba. Idan kuwa wannan gyararren ne ya yaɗu a wayoyi, ɗalibin gobe shi zai ɗauka asali.

Saboda haka ya wajaba ga masu taskace waƙa a jami'o'i su ajiye kwafin farko yadda ya ke, ba ƙari ba ragi, su rubuta inda aka ɗauka da irin na'urar idan an sani, su ware gyararre da suna dabam. Malaman kwalejojin horon malamai kuma ya kamata su riƙa kai ɗalibai inda a ke kaɗa kalangu a fili, a Bakori ko Malumfashi, don kunnensu ya sami ma'aunin da zai auna kaset da manhaja da shi.