Makarantar da ake waƙa kullum a Keckemet

Wajen shekarar 1925 Zoltán Kodály (ana kiran sunan Kodai) ya fita shan iska a tsaunukan Buda, gefen birnin Budapest na ƙasar Hangari, sai ya ci karo da wasu 'yan mata sun fito yawo suna rera waƙa. Ya tsaya ya saurara, ransa ya ɓaci, domin waƙar irin ta bakin titi ce marar kan gado. Da ya tambaya aka ce masa ɗaliban kwalejin horon malamai ne, wato su ne gobe za su tsaya gaban yaran firamare. Shi kansa ya sha ba da wannan labari, kuma daga nan ne hankalinsa ya koma kan ajin ƙananan yara.

A lokacin ba ƙaramin mutum ba ne. An haife shi ranar 16 ga Disamba 1882 a garin Kecskemét, wanda ake furtawa Keckemet, mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa. Tun 1907 yake koyarwa a babbar makarantar kiɗa ta Budapest, kuma a 1923 ya shirya Psalmus Hungaricus, aikin da ya kai sunansa ƙasashen waje. Mai irin wannan matsayi ba a sa ran ganinsa yana rubuta wa 'yan shekara shida waƙar layi biyu. Amma a wata maƙala da ya fitar a 1929 ya faɗa ƙarara cewa wanda ke koyar da waƙa a ƙaramin gari irin Kisvárda ya fi shugaban gidan opera na ƙasa muhimmanci. Shugaban opera in ya gaza, nan take za a gane a sauke shi. Malamin ƙauye kuwa yana iya shekara talatin yana kashe wa yara son waƙa, aji bayan aji, ba mai ce masa uffan.

Abin da za a koyar yana hannunsa tun tuni. Daga 1905 ya riƙa bin ƙauyuka yana sa tsofaffi su rera masa waƙoƙin da suka gada, daga baya abokinsa Béla Bartók ya shiga aikin. Suna yawo da na'urar naɗar murya ta Edison, kakar garmaho, wadda ke zana sauti a jikin kaki. Mutanen birni, waɗanda kunnensu ya saba da kiɗan Jamus da na Biyana, suna yi wa waƙoƙin nan kallon ƙauyanci. Su biyun suka gano cewa mafi tsufa daga cikinsu a kan sauti biyar aka gina su, maimakon bakwai ɗin da Turai ta saba da su, kuma wannan ya yi wa maƙogwaron yaro daidai. Kodai ya ce waƙar gida ita ce harshen uwa a fagen kiɗa: da ita za a fara, sai yaro ya ƙoshi da ita kafin a kai shi ga manyan makaɗan Turai irin su Bach.

Dabarun koyarwar kuwa aro ne kusan dukkansu, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. Sunayen sautuka sun samo asali daga Guido na Arezzo, wani malamin coci na Italiya a ƙarni na 11. Tsarin da ake kiran sautin tushe "do" ko daga ina aka ɗaga murya, wata malama ce a Norwich ta Ingila, Sarah Glover, ta gyara shi don koyar da yara, sannan Fasto John Curwen ya yaɗa shi, ya ƙara masa alamun hannu. Kodai ya gan shi a Ingila ya yaba. Wannan tsari na Curwen shi ne 'yan mishan suka kawo Afirka, shi ya sa har yau 'yan kwaya a majami'un Jos da Kaduna ke karanta waƙa da haruffan d, r, m. Ƙirgen tsawon sauti da "ta" da "ti-ti" kuma daga tsarin Bafaranshe Émile Chevé aka ɗauko.

Abin da aka yi a Hangari shi ne jera waɗannan kaya bisa ƙarfin yaro. Ba a fara da do-re-mi a jere. Ana farawa da sauti biyu kacal, so da mi, irin waɗanda yaro ke amfani da su in yana kiran ɗan'uwansa daga nesa. Sai a ƙara la, sai do da re. Malama ta dunƙule hannu a daidai ƙugu, yara su ce do. Ta shimfiɗa tafi yana kallon ƙasa, su ce mi. Ta ɗaga shi ta tsayar kamar bango, su ce so. Ba a gaya wa yaro sunan sauti sai ya rera shi cikin wasa sau da yawa, ya tafa shi, ya taka shi da ƙafa. Rubutu shi ne na ƙarshe. Kuma ba a bukatar piyano. A ƙasar da yaƙi ya talauta wannan ba ƙaramin abu ba ne, tunda kowane yaro da muryarsa yake zuwa makaranta.

Ana cewa "hanyar Kodai", amma shi bai taɓa rubuta littafin yadda ake koyarwa ba. Nasa shi ne tunani da waƙoƙin atisaye, kamar Bicinia Hungarica da ya soma fitarwa a 1937 da darussan karatu 333 na 1943. Ɗalibinsa Jenő Ádám ne ya tsara darasi bi da bi a littafinsa na 1944. Lajos Bárdos da György Kerényi suka ɗauki nauyin buga littattafai da tara ƙungiyoyin mawaƙan makarantu, Katalin Forrai ta riƙe ɓangaren 'yan naziri. A ganina an rage wa mutanen nan haƙƙinsu da aka laƙa wa aikin suna ɗaya.

Makarantar da ta tabbatar da maganar, mace ce ta kafa ta. A 1950 Márta Nemesszeghy ta sami izini ta buɗe a Keckemet firamaren da ake darasin waƙa kowace rana, alhali sauran makarantu sau biyu suke yi a mako. Yaran ba zaɓaɓɓun 'ya'yan makaɗa ba ne, kuma suna karanta lissafi da tarihi kamar kowa. Lokacin ma abin lura ne. A 1948 gwamnatin kwaminisanci ta karɓe makarantu daga hannun coci, komai ya koma ƙarƙashin ma'aikata ɗaya. Kodai mutum ne da ya rubuta waƙoƙin ibada da yawa, bai kuma shiga jam'iyya ba, amma waƙar talakan ƙauye ta dace da abin da masu mulki ke son a ji, shi kuma yana bukatar ikon da zai kai manhaja ɗaya kowane lungu. Kowa ya ci moriyar kowa. Kafin rasuwarsa makarantu irin ta Keckemet sun haura 100.

A 1964 ƙungiyar malaman kiɗa ta duniya ta yi taronta a Budapest. Baƙi suka shiga azuzuwa suka ga yara ƙanana ana ba su waƙar da ba su taɓa ji ba a rubuce, suna rera ta nan take, wani lokaci murya biyu. Daga nan malamai daga Amurka, Kanada, Ostireliya da Japan suka riƙa tururuwa. An yi ta cewa yaran nan sun fi takwarorinsu lissafi da karatu. Mai yiwuwa ne, sai dai makarantar da ta sami malamai masu himma da iyaye masu sa ido, da wuya a ware ladan waƙa daga ladan sauran. Wahalar da masu kwaikwayo suka tarar ta daban ce: wasu sun fassara waƙoƙin Hangari suka ɗora wa yaransu, alhali abin da mutumin ya ce shi ne kowa ya je ya tono na kakanninsa.

Kodai ya rasu a Budapest ranar 6 ga Maris 1967. A 1975 aka buɗe cibiyar horon malamai mai sunansa a Keckemet, cikin wani tsohon gidan 'yan ɗariƙar Faransiskan, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa tsarin cikin rajistarta ta kyawawan hanyoyin adana al'adun gargajiya. A gida kuwa yawan makarantun waƙar kullum ya ragu bayan sauyin mulki na 1990, da harsunan waje da kwamfuta suka shigo neman gurbi a jadawalin darussa. Ta Keckemet tana nan, da sunan Kodai a ƙofarta.